Daga Youpwé Zuwa New Bell: Wa Ke Da Ikon Ɗaukar Ran Mai Kisa?

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya gangara Youpwé sayen kifi ya san yadda wurin yake kafin rana ta ɗaga. Kwale-kwale suna isowa daga Manoka da sauran tsibiran da ke bakin kogin Wouri, mata suna ciniki murya a sama, 'yan dako suna kai da kawowa da kwanduna a ka, 'yan benskin kuma sun jeru a bakin hanya suna jiran fasinja. Mutanenmu na New Bell ma ba a bar su a baya ba: akwai masu sarin bandar kifi, akwai masu shayi da burodi, akwai yara masu tura amalanke. Wuri ne na neman halal, kowa ya san haka.

Abin da samarinmu da yawa ba su sani ba shi ne, a shekara ta 2000 sunan Youpwé da na dajin da ke gefenta, wato Bois des Singes, sun yi yawo a duniya saboda wani dalili dabam. Masu kare haƙƙin ɗan Adam sun lissafa su cikin wuraren da ake tsintar gawarwakin samarin da aka kama bisa zargin fashi, waɗanda ba a taɓa gurfanar da su gaban alƙali ba. Dattawanmu suna tune da wannan zamani, sai dai ba su cika son tada maganar ba. Mu kuwa mun ga ya dace mu tada ta a wannan wata, domin tambayar da ke ƙarƙashinta tana nan da ranta. Duk ranar da aka ji ihun "ɓarawo!" a kasuwa, duk safiyar da aka tashi da labarin an kashe ɗan benskin an gudu da babur ɗinsa, sai ta dawo sabuwa fil: me mai kisa ya cancanta, kuma wa ke da ikon ba shi abin da ya cancanta?

Shekarar da aka yi tafi, sa'an nan aka yi kuka

Bayan an karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, talauci ya yi wa Duwala katutu, 'yan fashi da makami kuma suka hana jama'a barci. A ranar 20 ga Fabrairu, 2000, Shugaba Paul Biya ya kafa wata runduna ta musamman mai suna Commandement Opérationnel, wadda ta haɗa sojoji da jandarmomi da 'yan sanda, aka ɗora mata aikin murƙushe ɓarayin birnin. Gaskiya ɗaya ce, da farko mutane da yawa sun yi murna, har cikin unguwanninmu. Ɗan kasuwar da aka taɓa tsare shi da bindiga a ƙofar shagonsa ba ya tambayar yadda aka yi da ɗan fashi, shi dai ya ga an huta.

Ba a jima ba murna ta fara komawa ciki. Ana zuwa a ɗauki saurayi cikin dare saboda tsegumin maƙwabci, washegari iyaye su bi ofis-ofis ba su gan shi ba. A watan Yuni na wannan shekara, Babban Limamin Katolika na Duwala, Kadinal Christian Tumi, ya rubuta wa Gwamnan Littoral takarda yana kuka da kashe-kashen da ake yi ba tare da shari'a ba, ya kuma ƙiyasta waɗanda aka hallaka da fiye da 500. Ƙungiyar ACAT ta Littoral, ƙarƙashin Madeleine Afité, ta ce adadin ya haura 1,000. A watan Nuwamba aka yi ta maganar wani kabari na gama-gari a maƙabartar Bois des Singes.

Abin da ya fasa ƙwai shi ne al'amarin samari tara na unguwar Bépanda. An kama su ranar 23 ga Janairu, 2001, bisa zargin satar tukunyar gas ta girki daga gidan wata maƙwabciya. Tukunyar gas guda ɗaya, jama'a! Bayan 'yan kwanaki a tsare, ba a sake ganin ko ɗayansu ba har yau. Mutanen Duwala suka yi ta zanga-zanga, daga baya aka gurfanar da jami'ai takwas gaban kotun soja a Yawunde. A watan Yuli na 2002 kotun ta sallami shida, biyu kuma ta same su da laifin saɓa umarni kawai, ta yanke musu hukunci mai sauƙi. Daga baya Osvalde Lewat ta shirya fim mai suna Une affaire de nègres, inda iyaye da dangin waɗanda suka ɓata suka ba da labari da bakinsu.

Tambayoyi uku da fushi ke haɗiye su

Idan muka natsu a kan wannan tarihi za mu ga cewa maganar hukuncin mai kisa tambayoyi uku ce, amma fushi yakan dunƙule su ya mai da su ɗaya. Ta farko: shin wannan mutumin da ke hannu shi ne ya aikata? Ta biyu: in shi ne, wane irin laifi ya yi, kuma wane hukunci ya yi daidai da shi? Ta uku: wa aka ba ikon yankewa da zartarwa? Taron kasuwa da ya ɗauki taya da fetur ya amsa dukkan ukun cikin minti biyar, ba shaida, ba tambaya, ba ɗaukaka ƙara. Runduna da ta harbe mutum a bakin ruwa ita ma haka ta yi, bambancin kawai tana sanye da kaki.

Ba mu musun cewa wanda ya kashe rai da gangan ya ɗauko babban alhaki. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Matar da aka mayar bazawara, da marayun da aka bar mata, suna da haƙƙi na gaske, kuma duk mai cewa a manta kawai bai taɓa wanke gawar ɗan'uwansa da aka sassara ba. Amma cancantar hukunci abu ne da ke rataye a wuyan wanda ya aikata, shi kaɗai, gwargwadon abin da ya aikata. Idan aka kashe wanda ba shi ba ne, an yi kisa biyu ke nan, mai laifin kuma yana can yana yawo. Idan aka kashe ɓarawon waya ko na tukunyar gas, an biya bashin dala da rai.

Abin da muka karanta a zaure

Mu da muka tashi a kan mazhabar Imamu Malik ba baƙi ba ne ga wannan magana. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya wuce ta babin jini da haddi. Shari'a ta tabbatar da ƙisasi, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 178 da ta 179, amma ta kewaye shi da shinge bayan shinge. Ba a kashe mutum sai da shaidu biyu adilai, ko iƙirarinsa da bakinsa, ko rantsuwa 50 ta ƙasama wadda ita ma tana da nata sharuɗɗan. An raba kisan ganganci da na kuskure. Yaro da mahaukaci ba a yi musu ƙisasi, gangancinsu ana lissafa shi a matsayin kuskure.

A kisan kuskure babu ƙisasi sam. Akwai diyya, wadda malamai suka ƙayyade da raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, kuma dangin mai laifi na wajen uba ne ke haɗa ta cikin shekara uku, shi kuma ya yi kaffara. A kisan ganganci, magadan jini suna da damar neman ƙisasi, ko su yi sulhu a kan diyya, ko su yafe don Allah. Idan ɗaya daga cikin 'ya'yan mamaci maza ya yafe, kisa ya faɗi, sauran su karɓi rabonsu na diyya. Sa'an nan ko an yafe, a wurin Malikawa mai kisan ba ya tafiya haka nan: bulala 100 ce da ɗaurin shekara guda, domin jama'a ma tana da haƙƙi a kansa. Wanda kuwa ya yaudari mutum ya kai shi ɓoye ya kashe don ya ƙwace dukiyarsa, wato kisan gila, babu yafiya a kansa, al'amarinsa yana hannun shugaba.

Akwai abubuwa biyu a nan da masu ɗaukar doka a hannunsu ya kamata su ji da kunnen basira. Na ɗaya, malamai sun haɗu a kan cewa zartar da ƙisasi da haddi sai da hukuncin alƙali da izinin mai mulki; ba aikin 'yan unguwa ba ne. Na biyu, a fiƙihunmu ana kashe jama'a saboda mutum ɗaya idan sun haɗa hannu wajen kashe shi, kuma hujjar ita ce hukuncin da Sayyidina Umar ya yanke a kan wasu mutanen San'a da suka taru suka kashe mutum guda. Ke nan wanda ya jefa dutse cikin taro yana tunanin yawan jama'a zai rufe shi, ya san cewa a ma'aunin addininsa jinin yana kansa. Balle kuma hukuncin sata a Musulunci, ko ta tabbata, bai kai kisa ba.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Kamaru ba ƙasar shari'ar Musulunci ba ce, kuma mu 'yan ƙasa ne da baƙi masu zama ƙarƙashin dokarta. Amma mai karatu zai yi mamakin yadda ita ma ta yi wa kisa hawa-hawa. A kundin hukunta laifuffuka, wanda aka sabunta ranar 12 ga Yuli, 2016, sashe na 275 ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya kashe mutum da niyya. Sashe na 276 ya tanadi kisa ga wanda ya shirya tun da wuri, ko ya yi amfani da guba, ko ya kashe don ya samu hanyar aikata wani laifin. Sashe na 278 yana magana kan dukan da ya zama ajali ba tare da niyyar kisa ba, na 289 kuma kan kisan kuskure, irin na sakacin direba. Kare kai yana da nasa matsayi a sashe na 84. A ƙarshen 2014 an ƙara dokar yaƙi da ta'addanci wadda ita ma ta tanadi hukuncin kisa.

Kotuna suna yanke hukuncin kisa, amma rabon da a zartar da shi tun watan Janairu na 1997, lokacin da aka harbe wani mutum a Mokolo. Doka ta ce dole kowane hukuncin kisa ya je gaban Shugaban Ƙasa ya duba ko zai sassauta, kuma lokaci-lokaci akan fitar da dokar sassauci, kamar ta watan Afrilu na 2020 wadda ta mai da hukuncin wasu ya koma ɗaurin rai da rai. Cikin maƙwabtanmu shida, Gabon ta soke hukuncin kisa a 2010, Kongo Barazabil a 2015, Chadi a 2020, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini a 2022. Nijeriya ce ta riƙe shi. Ya kamata kuma a sani cewa a dokar Kamaru yafewar dangi ba ta tsayar da tuhumar kisa, domin gwamnati ce ke ƙara. Abin da dangi ke da shi shi ne su shiga shari'ar su nemi a biya su diyyar asarar da aka yi musu.

Ba sai mun je da nisa ba kafin mu ga inda hukunci ke ƙarewa. Babban gidan yarin Duwala yana tsakiyar New Bell, maƙwabcinmu ne. An gina shi tun zamanin Faransawa don mutum wajen 800, amma shekara da shekaru yana ɗauke da dubbai, da yawansu ma jiran shari'a suke yi. A ƙarshen Yuni na 2008 an harbe fursunoni aƙalla 15 a wani yunƙurin tserewa, a watan Agusta na shekarar kuma gobara ta ci rai tara a ciki. Babu alƙalin da ya yanke wa waɗannan mutuwa. Wannan ma ɓangare ne na maganar cancanta: wanda aka yanke wa shekara biyar, shekara biyar ya cancanta, ba tarin fuka ko ƙonewa ba.

Mu da muke 'yan tsiraru

Ƙasar da muke takawa a New Bell ita kanta tana da labari. Jamusawa ne suka tsara unguwar lokacin da suka ƙudura tashin 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogi. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa, suka tuhume shi da cin amanar ƙasa, suka rataye shi tare da Ngoso Din ranar 8 ga Agusta, 1914. Kotu ce ta yanke, da takardu da hatimi. A watan Disamba na 2022 aka sa wa wani dandali a birnin Balin sunan Manga Bell. An gyara suna bayan shekara 108, amma rai ba ya gyaruwa. Wannan ita ce babbar hujjar masu adawa da hukuncin kisa: alƙali mutum ne, yana kuskure, yana kuma iya zama karen farautar mai mulki.

Akwai kuma wata rana da ta fi kusa da mu. Ranar 24 ga Afrilu, 1960, ana tsakiyar yaƙin gwamnati da 'yan UPC, wuta ta cinye unguwar Kongo a nan Duwala bayan zaman ɗar-ɗar da zubar da jini tsakanin Hausawa da Bamileke. Hukuma ta ce mutum 19 suka mutu, wajen 5,000 suka rasa matsuguni, wasu kuma suna cewa adadin ya fi haka nesa. Wasu ruwayoyin sun ɗora wa mutanenmu laifin kunna wutar don ramuwa, wasu sun ɗora wa sojoji. Ko ma wace ce gaskiya, darasin ɗaya ne: da zarar an ce "su ne suka kashe mana mutum" maimakon "wane ne ya kashe," to tsohuwa da jariri ne za su biya.

Kada kuma mu ɗauka wannan wuta ba za ta iya juyowa kanmu ba. A ƙarshen Maris na 2025, ana daf da Ƙaramar Salla, wasu mafarauta 'yan jihar Kano suna kan hanyarsu ta komawa gida daga Fatakwal, aka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo a Nijeriya. Aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taro ya kashe 16 daga cikinsu. Baƙo ne kullum ya fi saurin faɗawa hannun taro, domin ba a san gidansu ba, harshensa dabam, shigarsa dabam. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Babu wanda ya fi mu buƙatar a ce sai kotu ta yi magana kafin a taɓa ran mutum.

Ina muka tsaya?

Mun san abin da ake faɗa a majalisa bayan la'asar: ka kai ɓarawo komisariya yau, gobe ka gamu da shi a kasuwa yana yi maka dariya. Wannan koke ne na gaskiya, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun a 1764 wani masanin shari'a ɗan Italiya, Cesare Beccaria, ya yi bayanin cewa tabbacin za a kama ka a hukunta ka ya fi tsananin hukuncin hana laifi. Abin da Duwala ta gani ya gaskata shi: an kashe ɗaruruwa a 2000 da 2001, fashi kuwa bai ƙare ba. Maganin kotu mai rauni shi ne a matsa mata ta yi aikinta.

Game da hukuncin kisa na kotu, ba ma ɓoye cewa mafi yawan masu karatunmu suna ganin ƙisasi gaskiya ne, mu ma ba mu da ikon soke abin da addini ya tabbatar. Maƙwabtanmu Katolika sun ɗauki wata hanya, domin a 2018 Fafaroma Francis ya bayyana cewa cocinsu ba ta yarda da hukuncin kisa ba ko kaɗan. Amma ko a cikin namu tsarin, sharuɗɗan suna da nauyi ƙwarai, kuma shubuha tana tunkuɗe hukunci. Mutumin farko da aka kashe ƙarƙashin sababbin dokokin shari'a a Arewacin Nijeriya, Sani Yakubu Rodi, wanda kotu a Katsina ta samu da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu, an rataye shi a Kaduna ranar 3 ga Janairu, 2002, ba shi da lauya, bai kuma ɗaukaka ƙara ba. Laifin da aka tuhume shi da shi mai muni ne ainun, duk da haka masana shari'a da dama sun yi tambaya ko gaggawar ta dace. Kuskure wajen sassauci ana iya gyara shi gobe. Kuskure wajen kisa sai a Lahira.

Saboda haka muna kira ga limamanmu su riƙa karantar da babin jini a masallatan New Bell da harshen da samari za su gane, musamman hukuncin wanda ya sa hannu cikin kisan taro. Muna kira ga sarakunan unguwa da shugabannin 'yan kasuwa da na 'yan benskin su yi tsari tun kafin rana ta ɓaci: wa za a kira, ina za a killace wanda aka kama, su wa za su raka shi komisariya su ba da shaida, su kuma bi ƙarar har ƙarshe. Idan an kashe mana mutum, mu haɗa kuɗin lauya kamar yadda muke haɗa na jana'iza, mu tsaya wa bazawara da marayu a kotu, kada mu bar su da ta'aziyyar kwana bakwai kawai. Idan kuma namu ne ya yi kisa, kada mu ɓoye shi mu sa shi a motar Garwa cikin dare. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma dangin mamacin, ko wace ƙabila ce, suna da haƙƙin da muke nema wa kanmu.

Iyayen samarin Bépanda sun tsufa, wasu sun rasu, ba su ga kabarin 'ya'yansu ba. Duk wanda zai gangara Youpwé gobe da asuba, in ya zo daidai Bois des Singes, ya tuna da su. Allah Ya tsare hannayenmu daga jinin bayinsa, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya zaunar da Kamaru lafiya. Amin.